Faten Ganye Bakwai: Karin Kumallon Japanawa Bayan Bikin Sabuwar Shekara

A Japan, ranar 7 ga Janairu ba a karya kumallo da abinci mai nauyi. Da sassafe ake ɗora tukunya, a zuba shinkafa kaɗan da ruwa mai yawa, a rage wuta har ta dahu ta yi luguf, sannan a watsa yankakken ganye da ɗan gishiri. Ba mai, ba nama, ba yaji. Sunan wannan fate nanakusa-gayu, kuma tsirran da ke cikinsa bakwai ne: seri, nazuna, gogyo, hakobera, hotokenoza, suzuna da suzushiro. Biyar na farko ciyayi ne da ke fitowa a bakin gona da gefen rafi, biyun ƙarshe kuwa shuka su ake yi, ana cin ganyensu da farar saiwarsu.

Sai an san abin da cikin mutum ya ɗauka a kwanakin baya ake gane amfanin faten. Daren 31 ga Disamba ana sallamar shekara da kwanon taliyar soba. Washegari a buɗe akwatunan osechi, waɗanda ake ɗora wani kan wani, cike da girkin da aka gama tun kafin shekara ta ƙare, domin mai girki ita ma ta huta kwana uku. Da yake abincin ajiya ne, an cika masa sukari da gishiri da ruwan tsami. Akwai baƙin waken suya da aka dafa da zaƙi don fatan lafiya da ƙwazon aiki, da saiwar furen ruwa mai huji-huji don a hango abin da ke tafe, da naɗin ciyawar teku, da ƙwan kifi don fatan zuri'a, da ƙananan busassun kifaye don fatan amfanin gona. Ga kuma mochi, shinkafa mai danƙo da ake kirɓawa a turmi, wadda ake sakawa a miyar ozoni. Mutanen Tokyo sun fi son mai kusurwa huɗu cikin romo garai-garai, na Kyoto kuwa mai kewaye cikin farar miyar miso, wato irin daddawarsu ta waken suya. Danƙon mochi ba wasa ba ne, duk shekara sai hukumar kashe gobara ta Tokyo ta gargaɗi tsofaffi su yanka ta ƙanana kada ta shaƙe su.

Bayan kwana shida ana wannan, duk wanda ya taɓa gundura da soyayyen naman layya har ya shiga marmarin kwaɗon zogale ya san abin da ciki ke nema.

Al'adar ta haɗo tushe biyu. Sinawan da can sun raba kwanakin farkon shekara ga dabbobi, suka ba ɗan Adam na bakwai, kuma a ranar suna shan miyar ganye bakwai. Su kuwa Japanawa dama suna da ɗabi'ar fita tsinkar sabon tsiro a ƙarshen hunturu. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, hukuma ta sa ranar cikin manyan ranakun biki biyar na shekara, ta bazu daga fada zuwa gidan talaka. A daren 6 ga wata ake yanka ganyen a kan katako, ana bubbuga shi da wuƙa ko ludayi, ana rera wata gajeruwar waƙa ta korar tsuntsayen da ake zaton suna kawo cuta daga ƙetare. Wasu gidaje kan jiƙa nazuna a ruwa, su tsoma yatsu, su yi yankan farce na farko a shekarar.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, duk da faten ba shi da nama, babu wanda ya yi rantsuwar barin nama. Ganye da wake da shinkafa su ne gindin girkin tun asali, kifi yana shiga yana fita. A shekarar 675 Sarki Tenmu ya hana cin naman shanu da dawaki da kaji da karnuka da birai na wasu watanni a shekara, kuma ƙyamar nama ta zauna a ƙasar ƙarni bayan ƙarni, har 1872 da aka sanar cewa Sarki Meiji ya ci naman sa. A wannan dogon zango ne aka ƙware wajen fitar da ɗanɗano daga awara da miso da busasshen naman kaza da ciyawar teku. Masu ibadar addinin Buddha ne kawai suke tsanantawa. A gida, wadda ta ga dama ta jefa ɓarzajjen busasshen kifi a romo, ba mai ce mata kanzil.

Shekarar 1873 ta kawo cikas. Ƙasar ta bar lissafin wata ta koma kalandar Turawa, sai ranar ta matso baya da kusan wata guda, ta faɗa tsakiyar sanyi, lokacin da yawancin ciyayin ba su tsiro ba. Yau manoma ne ke rainonsu musamman, a ƙulla su bakwai ɗin a leda a kai kantuna, har da busassu ga mai gaggawa. A ganina an yi asarar fita dajin, wadda ita ce rabin al'adar, amma tukunyar dai ba ta sauka ba.

Kuma adadin bakwai ɗin bai taɓa zama dole ba. A Yamagata, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa, miyar ruɓaɓɓen waken suya ake yi da awara da kayan lambun ajiya. A Kagoshima kuwa yaran da suka shiga shekara bakwai ake yi wa ado, a kai su wurin ibada, sannan su ɗauki kwano su bi gidaje bakwai na dangi da maƙwabta, kowane gida a zuba musu nasa faten.