Tsawa da Ɗaliban Mashi: Gudu Zuwa Aji Kaɗai Ba Ya Tsare Rai

A ƙasar Mashi, kamar sauran garuruwan da ke kan hanyar Katsina zuwa Daura, damina gajera ce amma mai zafin rai. Ruwa kan kankama a watan Yuni, ya yi ƙarfi a Agusta, ya janye wajen ƙarshen Satumba, kuma galibinsa da hadari yake zuwa: gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙura, sannan walƙiya da tsawa su biyo baya. Farkon wannan lokaci ya faɗo daidai zangon karatu na uku, lokacin jarrabawar WAEC da NECO, ƙarshensa kuma yakan riski komawar yara makaranta a Satumba. Hadarin ya fi haɗowa daga bayan azahar zuwa dare, wato sa'ar da wasu ɗalibai ke kan hanyar gida, 'yan Islamiyya ke zaune a rumfa ko gindin bedi, samari kuma ke filin ƙwallo. Duk da haka tsawa ba ta cikin abubuwan da makarantunmu suka saba yi wa tanadi. Abin da ake buƙata kuwa bai wuce abu biyu ba: kowace makaranta ta mallaki gini guda da aka yi wa kariya ta gaskiya, ta kuma kafa doka guda da za ta kai yara cikinsa a kan lokaci. Idan aka yi ɗaya aka bar ɗaya, ba a yi komai ba.

Sai an san yadda tsawa ke kisa sannan za a gane dalilin haka. Walƙiya wutar lantarki ce da ke taruwa a cikin gajimare, ta ɓalle zuwa ƙasa idan ta yi yawa. Ƙarfin saukarta guda yakan kai amfiya 30,000, alhali fis ɗin fulogin da ke ɗakunanmu amfiya 13 kawai yake ɗauka. Iskar da ta ratsa kan yi zafin da ya kusa digiri 30,000, ninki biyar na zafin fuskar rana, kuma faɗaɗar da iskar ke yi farat ɗaya ita ce ƙarar da muke ji. Mutane na zaton wanda tsawa ta kashe a kansa ta faɗo, amma masu bincike sun gano cewa irin wannan bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Kusan rabin waɗanda abin ke shafa ta ƙasa wutar ke isa gare su: ta faɗa wa itace ko gini, ta bazu a doron ƙasa, ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗaya. Shi ya sa ta fi yi wa dabbobi ɓarna, domin tazarar ƙafafunsu ta fi tamu, kamar yadda aka gani a Ijare ta Jihar Ondo a Satumbar 2019, inda shanu 36 suka mutu a wuri guda. Kusan kashi ɗaya cikin uku kuma tsalle wutar ke yi daga jikin itace ko ginshiƙi zuwa ga wanda ya raɓe shi. Ma'anar wannan ita ce, saukar tsawa ɗaya tak na iya kwantar da aji guda idan yaran na zaune a cunkushe.

Haka ta faru a ƙasar Yuganda ranar 28 ga Yuni, 2011. Ɗaliban makarantar firamare ta Runyanya, a gundumar Kiryandongo, suna cikin aji suna jiran ruwa ya ɗauke, tsawa ta faɗa wa ginin, yara 18 suka rasu, wasu gommai aka kwashe su zuwa asibiti. Saboda wannan musiba ce aka ware 28 ga Yuni a matsayin ranar wayar da kai kan kariya daga tsawa ta duniya. A Agustan 2020, a Arua ta ƙasar dai, yara 10 da ke wasan ƙwallo suka gudu suka fake a wata bukkar ciyawa, nan ta same su. A gida Najeriya ma, a Nuwambar 2023, ɗalibai uku na wata makarantar sakandare a Awka ta Jihar Anambra sun rasu bayan tsawa ta faɗa musu a filin ƙwallo ana cikin ruwa. Idan aka jera waɗannan uku za a ga darasin a fili. Na Awka ba su bar fili ba, na Arua sun bar fili amma sun shiga inda ba mafaka ba ne, na Runyanya kuwa sun yi abin da kowane malami zai umarce su, sun shiga aji, amma ajin bai iya tsare su ba.

Wannan na ƙarshe shi ya kamata ya fi tayar mana da hankali, domin galibin ajujuwanmu irinsa ne. Shawarar da ake yaɗawa a Amurka ita ce da zarar ka ji tsawa ka shiga gida, kuma ta yi musu aiki: a shekarun 1940 tsawa na kashe fiye da mutum 300 a shekara a can, yanzu kuwa adadin ya dawo wajen 20, duk da cewa raguwar masu aikin gona ita ma ta taimaka. Sai dai gidajensu cike suke da wayoyin lantarki da bututun ruwa da aka haɗa da ƙasa, waɗanda ke ɗaukar wutar su wuce da ita ba tare da ta bi ta jikin mutum ba. Ajin ƙauye a Mashi fa? Bulo ne ko jar ƙasa, an ɗora katako, an buga kwano, babu waya ko ɗaya da ta sauka ƙasa. Idan tsawa ta faɗa wa kwanon nan, wutar ba ta da hanyar da aka shirya mata, don haka sai ta nemi tata: ta yi tsalle zuwa ƙarfen taga, ta bi jiƙaƙƙen bango, ko ta sauko ta kan yaron da ya jingina da shi. Ga kuma yaran da yawa a ƙasa suke zaune, daɓen ya sha danshi. Aji irin wannan ya fi gindin itace, wannan gaskiya ne, amma bai kai a kira shi mafaka ba.

Kariyar gini ba sabon ilimi ba ce, tun wajen 1752 Benjamin Franklin ya zo da dabarar. Sassa uku gare ta: sandunan ƙarfe a saman rufi da za su tari wutar, wayoyi masu kauri aƙalla biyu da za su sauko da ita ta ɓangarori daban-daban na ginin, da ƙarfen da aka binne a ƙasa da zai watsar da ita. Sandar ba ta hana tsawa sauka, ba ta kuma janyo ta daga nesa, hanya kawai take ba ta. A ƙasa mai rairayi da saurin bushewa irin ta arewacin Katsina, turke guda da aka kafa a gefen bango ba ya isa, an fi son a kewaye ginin da waya a binne. Nan ne aikin gangan ke shigowa, domin sanda ɗaya da siririyar waya da aka ɗaure don a ce an yi na iya zama tarko, ta sa a tara yara a wurin da babu tsaro. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Akwai ƙa'idar duniya da injiniyoyi ke bi, IEC 62305, ita ya kamata a rubuta cikin takardar kwangila. Kuma tunda jan ƙarfe na jan hankalin ɓarayi da 'yan jari-bola, a yi amfani da ƙarfen da ba shi da daraja a kasuwa, a rufe ƙasansa, a kuma duba shi kowace shekara kafin saukar ruwan fari.

Sai doka, wadda ita ba ta cin ko kwabo. Haske na isowa nan take, ƙara kuwa na cin kilomita ɗaya a daƙiƙa uku. Idan tsakanin walƙiya da tsawarta bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin na cikin kilomita 10, kuma tsawa na iya faɗawa a nisan da ya fi haka daga inda ruwa ke zuba. Mafi sauƙi shi ne a ce duk cidar da kunne ya ji ta isa hujja: a kaɗa ƙararrawa, a tsayar da wasa ko taro, a shigar da yara ginin da aka tanada, a nesanta su da bango da taga da baranda, kuma ba mai fita sai an yi minti 30 ba a sake jin tsawa ba. Wannan rabin sa'a na da muhimmanci, domin ana yawan samun waɗanda tsawa ta faɗa wa kafin ruwa ya sauko ko bayan ya tsagaita. Al'adar da ya fi kamata a daina ita ce wadda ake yi da kyakkyawar niyya, wato a ga hadari a ce wa yara kowa ya ruga gida kada ruwa ya tare shi. Yaron da gidansu ke wani ƙauye zai bi ta tsakiyar gonaki inda ya fi komai tsawo, in ruwan ya cim masa kuma ya fake a gindin gawo ko tsamiya. Gara uwa ta yi jiran ɗanta sa'a guda.

Za a ce tsawa daga Allah take, kuma wanda kwanansa ya ƙare ba sandar da za ta tsare shi. Ba mai musun cewa rai da ajali na hannun Allah. Amma zazzaɓin cizon sauro ma haka yake, bai hana mu rataya gidan sauro ba. Addinin da ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, wanda kuma a cikinsa Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda labarin annoba, bai koya mana barin sababi ba. Abin da ya fi cutarwa shi ne camfin da ke cewa tsawa na farautar ɓarawo ko wanda ya yi rantsuwar ƙarya, ko kuma ba a taɓa wanda ta faɗa wa. Jikin mutum ba ya riƙe wutar. Wanda ya taɓa shi ba abin da zai same shi. Abin da ke kisa shi ne tsayawar zuciya da numfashi, kuma inda ake kai agaji da wuri kusan tara cikin goma na rayuwa. Don haka a fara da wanda ya yi shiru kamar ya mutu, a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30, a hura masa numfashi sau biyu, a ci gaba da haka har a samu ma'aikacin lafiya. Kowane malami na iya koyon wannan a yini guda.

Za a kuma ce makarantar da ba ta da kujeru, wadda iska ta yaye wa kwano tun bara, ina ta ga kuɗin sandar tsawa, ga shi kuma matsalar tsaro da zazzaɓi sun fi ta cin rayuka. Wannan magana na da ƙarfi, kuma ba wanda ya ce a ajiye waɗancan a kama wannan. Amma ba a ce a yi wa kowane aji ba. Gini guda aka ce, mafi girma da ƙwari a makarantar, kuma ya fi arha idan an sa shi tun a zanen gini. Hukumar SUBEB ta jiha na gina sababbin ajujuwa tana gyara tsofaffi da tallafin UBEC, don haka abin da ake nema layi guda ne cikin sharuɗɗan kwangila. Batun cewa mutuwar tsawa ba ta da yawa kuma, ya kamata a tuna cewa mutuwar ƙauye sau da yawa ba ta shiga takarda, ana jana'iza kafin labari ya kai sakatariya. Ƙasar Bangaladash sai a 2016, bayan mutum fiye da 80 sun mutu cikin 'yan kwanaki a watan Mayu, ta sanya tsawa cikin jerin bala'o'in da hukuma ke kula da su. Bai kamata mu jira irin wannan rana ba. Kada kuma a ruɗu da dogon ƙarfen kamfanin waya da ke cikin gari, kariyarsa ba ta wuce ɗan kewayensa ba. Takalmin roba ba ya tsare kowa, wayar salula ba ta janyo tsawa sai dai a guji taɓa ta tana jone da caji, mota mai rufin ƙarfe mafaka ce amma babur da amalanke ba mafaka ba ne.

Makarantun allo da na Islamiyya su ne suka fi kowa zama a fili, su ne kuma tsarin hukuma ya fi saurin mantawa da su. A unguwanni da dama masallaci ne gini mafi ƙwari, amma hasumiyarsa da ƙahon lasifikarsa sun sa shi ne ya fi komai tsawo, don haka shi ya fi cancantar a fara yi wa kariya, ya zama mafakar almajirai da masallata gaba ɗaya. Wannan aiki ne da kwamitin masallaci da masu hannu da shuni na gari za su iya ɗauka ba tare da jiran gwamnati ba.

Saboda haka kira ya tafi ga sashen ilimi na Ƙaramar Hukumar Mashi da ya rubuta dokar minti 30 ya raba wa kowane hedimasta kafin damina mai zuwa, ga SUBEB da ta daina karɓar sabon gini marar kariya, ga hakimi da dagatai da limamai da su yi wa jama'a bayani a majalisa da kan mumbari, ga kwamitocin iyaye kuma da su tambayi makarantar 'ya'yansu tambaya guda: idan hadari ya haɗo, wane ɗaki kuke kai yaranmu, kuma wa ya duba shi bana? Makarantar da ba ta da amsa, ba ta shirya wa damina ba. Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu, Ya ba mu damina mai albarka.