Yaushe Maigadin Kwamfuta Zai Ɗauki Alƙalami?

'Yan'uwa mazauna Kurmi, duk wanda ya taɓa aikin gadi a Ikko ko Badun ya san littafin bakin ƙofa. Mota ta shiga, a rubuta lambarta da lokaci. Ran da kaya suka ɓace, littafin nan shi ke wanke maigadi ko ya tona ɓarawo. Haka a Kafanchan, wadda ta zama mahaɗar jiragen ƙasa a 1927, aikin tashamasta ne ya rubuta sa'ar isowar kowane jirgi da ta tashinsa.

To, yau littafin ya koma cikin na'ura. Jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 yana da tasha a Jere, a 2021 kuma aka soma sayar da tikitinsa ta intanet. Kuɗin da kake aika wa iyali can Jere ma ta kwamfuta suke bi. In sun maƙale a hanya, ba ka da mashaidi sai abin da na'ura ta rubuta.

A cikin kowace kwamfuta akwai ɓangaren da ake kira kanel, watau zuciyar manhajar da ke tafiyar da ita. Shi ne maigadin. Ba wata manhajar da za ta buɗe fayil ko ta aika saƙo sai da izininsa. Wayar Android da ke aljihunka da kanel ɗin Linux take aiki, wanda Linus Torvalds, mutumin Finlan, ya fara ƙirƙira a 1991. A 2004 aka ƙara wa Linux tsarin rubuta al'amuran tsaro.

Ga inda gizo ke saƙar: buƙatu dubbai ke zuwa wa kanel cikin daƙiƙa guda. In ya ce sai ya rubuta kowace, na'ura ta yi nauyi, littafi ya cika, sawun ɓarawo ya ɓace cikin na jama'a. In kuwa ya yi ƙyuya, ran shari'a babu hujja. Saboda haka masana suka zaɓi wuraren da ke da haɗari: sa'ad da wani ya nemi shiga, ko ya ɗauki ikon shugaban na'ura, ko ya taɓa fayil ɗin kalmomin sirri, ko ya sāke agogo, ko aka hana shi abin da ya nema. Wanda aka kora daga ƙofa sau goma cikin dare ɗaya ai ya fi cancanta a rubuta shi bisa mai gidan da ya shiga ɗakinsa.

Linux kan jira buƙata ta ƙare kafin ya rubuta, don a san ko ta yi nasara ko an ƙi ta. Da yake ɓarawo mai wayo littafin yake fara nema, ana iya kulle dokokin rubutun har sai an sake kunna na'ura, a kuma riƙa aika kwafi zuwa wata kwamfutar dabam. In rubutun ya gagara fa? Zaɓi uku ne: kanel ya yi shiru, ko ya yi gargaɗi, ko ya tsai da na'urar ɗungum.

Kada a raina ƙaramin rubutu. A 1986, a wani ɗakin bincike na Berkeley a Amurka, Clifford Stoll ya ga giɓin santi 75 a lissafin kwamfuta. Bin diddiginsa ya kai ga kama wani Bajamushe, Markus Hess, mai sayar wa Tarayyar Sobiyat bayanan da yake sata.

Kai ma ɗan'uwa, ka riƙe naka littafin. Duk kuɗin da ka aika gida, adana rasit, da lambar cinikin, da lokacinsa. Da su ne ma'aikacin banki zai gano layinka cikin miliyoyi. In an sami matsala kada ka yi jinkirin kai ƙara, don ba har abada ake ajiye littafin na'ura ba. Allah ya tsare mana guminmu, amin.