Yunwar Farar Wuta a Gonakin Hardal na Rajastan

A jihar Rajastan ta ƙasar Indiya, wadda ita kaɗai ke noma fiye da kashi 40 cikin ɗari na hardal ɗin ƙasar, wato tsiron nan da Alƙur'ani mai girma ya buga misali da ƙanƙantar ƙwayarsa a suratul Anbiya'i da Luƙman, mutanen can kuma suke ce masa sarson, an daɗe ana lura da wani al'amari mai ban takaici: manomi yana ƙara zuba taki shekara bayan shekara, amma albarkar da yake gani ba ta kai gwargwadon ɗawainiyarsa ba. Masana ilimin ƙasa sun bi sawun illar, suka tarar ƙarancin farar wuta yana cikin manyan sabubbanta.

Asalin abin kuwa shi ne, a da takin da aka saba da shi, wato sufa, yana ɗauke da farar wuta kamar kashi 11 cikin ɗari, ga kuma kashin shanu da ake kai wa gona, saboda haka ƙasa tana samun rabonta ba tare da kowa ya yi niyyar ba ta ba. Da aka shiga zamanin bunƙasa noma na shekarun 1960, sannu a hankali aka karkata ga yuriya da DAP, waɗanda suka fi ƙarfi suka kuma fi sauƙin dako, alhali yuriya ba ta da farar wuta ko kaɗan, ta DAP kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Sa'an nan hukuma ta ƙara wa abin nauyi a 2010, sa'ad da ta sake tsarin tallafin sauran takin amma ta bar farashin yuriya a hannunta, har ya zamana buhun yuriya mai kilo 45 yana wajen rufi 266 na kuɗin Indiya, na DAP mai kilo 50 kuwa rufi 1,350. A ganina zalunci ne a jingina wa manomi jahilci a nan, domin mutumin da ke lissafin kowane rufi ba zai ƙi abin da aka arahanta masa ba.

Hardal kuwa ya fi alkama buƙatar farar wuta nesa ba kusa ba, domin da ita yake gina furotin ɗin ƙwayarsa, da ita man ke cika, daga gare ta kuma yajin nan da ake so a mansa yake fitowa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda alamar ƙarancinta take ruɗarwa. Idan naitirojin ya yi ƙaranci tsofaffin ganyaye ne ke fara yin rawaya, idan farar wuta ce sai sabon toho ya riga su. Manomin da ya hango rawaya daga bakin gona sai ya garzaya ya ƙaro yuriya, tsiro ya yi ganye luf, nunarsa ta yi jinkiri, darɓa ta samu wurin zama, man ƙwaya kuma ya ragu. Tun da masu matsar mai gwargwadon man da ke cikin ƙwaya suke biya, hasarar kan aljihunsa take faɗawa, a ƙasar da ke sayo fiye da rabin man girkinta daga waje.

Hukuma ba ta yi gafala ɗungum ba. A 2015 ta ƙaddamar da katin gwajin ƙasa a garin Suratgar na jihar, a 2023 kuma ta fito da yuriya mai rufin farar wuta a garin Sikar, shi ma na jihar. Sai dai katin ba ya sauya farashi, magani mafi kusa kuwa yana ƙarƙashin ƙafar jihar, domin a yankunan Bikaner da Nagaur ake haƙar dutsen jifsam, wanda idan aka niƙa aka cuɗa shi da ƙasa kafin shukar watan Oktoba, zai ba kowace hekta kilo 20 zuwa 40 na farar wutar da masana ke shawarta.