Kyoto: Yadda tsohon birnin sarautar Japan ya riƙe waƙoƙinsa fiye da shekara 1,000

A watan Janairun kowace shekara, fadar Sarkin Japan da ke Tokyo kan shirya zaman karatun waƙoƙi na sabuwar shekara, inda ake rera waƙar sarki da ta iyalansa, tare da guda 10 da aka zaɓo daga cikin dubban da jama'a suka aika. Asalin wannan al'ada yana Kyoto, birnin da ya zama mazaunin sarauta daga shekarar 794 har zuwa 1869, lokacin da Sarki Meiji ya koma Tokyo da zama.

A tsawon wannan zamani, rubutacciyar waƙa a Kyoto ta kasance aikin hukuma, ma'aunin ilimi, kuma gadon da iyali kan yi shari'a a kansa.

Waƙa mai gaɓa 31

Nau'in waƙar da fadar Kyoto ta runguma shi ne waka, wanda a yau aka fi sani da tanka. Baiti ɗaya ne tal mai ɗango biyar, gaɓoɓinsa kuma a ƙidaye suke: 5, 7, 5, 7, 7, jimilla 31. Ba a buƙatar amsa-amo. Gwanintar sha'iri tana cikin zaɓen kalma mai harshen damo, da ambaton yanayin shekara, da yi wa wata tsohuwar waƙa ishara ta yadda masani zai gane.

A lokacin da aka kafa birnin, Sinanci ne harshen ilimi da na takardun mulki, maza masu muƙami kuma da shi suke rubuta waƙa. Daga baya aka samar da kana, wato haruffan da aka sauƙaƙa daga rubutun Sin domin rubuta harshen Japan kamar yadda ake furta shi. Matsayin kana ya yi kama da na ajami a ƙasar Hausa, inda Larabci ya kasance harshen malamai, ajami kuma ya ba harshen gida damar shiga takarda.

A wajajen shekarar 905 Sarki Daigo ya umarci wasu sha'irai huɗu, ƙarƙashin jagorancin Ki no Tsurayuki, su tattara kundin Kokinshu, mai waƙoƙi kimanin 1,100 a cikin juzu'i 20. Shi ne na farko a jerin kundaye 21 da aka tattara bisa umarnin fada, na ƙarshensu a 1439. Shigar waƙar mutum cikin irin wannan kundi daidai take da dawwamar sunansa.

Wasiƙa, neman aure da gasa

Ga mutanen fada, waƙa ita ce wasiƙa. Mai neman aure da waƙa yake buɗe magana, wadda ake nema kuma da waƙa take amsawa, ana auna hankalin kowa daga kyawun rubutunsa har zuwa irin takardar da ya zaɓa. Da yake mata sun fi amfani da kana, sun taka rawa babba: Ono no Komachi da Izumi Shikibu na cikin fitattun sha'iran ƙasar har gobe, littafin Genji kuma, wanda Murasaki Shikibu ta rubuta a farkon ƙarni na 11, yana ɗauke da waƙoƙi kusan 800.

Akwai kuma gasa. A kan raba sha'irai gida biyu, hagu da dama, a ba su jigo ɗaya, alƙali ya yanke hukunci baiti bayan baiti. Gasar da Sarki Murakami ya shirya a 960 ta zama abin koyi ga na baya.

Teika da zuriyarsa

Babu wanda ya yi tasiri a wannan fage kamar Fujiwara no Teika, wanda ya rayu daga 1162 zuwa 1241. Yana cikin waɗanda suka tattara kundin Shin Kokinshu na 1205. A wajajen 1235 kuma, a gindin dutsen Ogura da ke yammacin birnin, ya zaɓo waƙa ɗai-ɗai daga sha'irai 100, abin da ya zama Hyakunin Isshu. Mata 21 ne a cikin ɗarin.

Teika ya kuma duƙufa wajen kwafar tsofaffin littattafai da hannunsa, yana tace su. Matanin Genji da aka fi karantawa a yau daga aikinsa ya samo tushe. Kundin tarihin rayuwarsa, Meigetsuki, wanda ya shafe fiye da shekara 50 yana rubutawa, ya amfani har masana taurari, domin a ciki ya kwafo tsohon bayani kan wani tauraro mai tsananin haske da ya bayyana a 1054.

Bayan rasuwar ɗansa, gidan ya rabu uku: Nijo, Kyogoku da Reizei. Rikici ya ɓarke kan gonaki da takardu, har a 1279 Abutsu, mahaifiyar wanda ya kafa gidan Reizei, ta yi tattaki daga Kyoto zuwa Kamakura, mazaunin gwamnatin soja ta wancan lokaci, domin kare haƙƙin ɗanta. Ba ta ga ƙarshen shari'ar ba, amma daga bisani ɗan ya yi nasara. A cikin gidajen uku, na Reizei ne kaɗai ya wanzu.

Darajar wannan ilimi ta kai ga tsayar da yaƙi. A shekarar 1600 abokan gaba suka yi wa Hosokawa Yusai ƙawanya a ganuwar Tanabe, arewa da Kyoto. Shi ne ke riƙe da sharhin sirri na Kokinshu, wanda malami ke miƙa wa ɗalibi baki da baki. Gudun kada ilimin ya bi shi kabari, Sarki Go-Yozei ya tura manzanni aka janye ƙawanyar.

Rumbun da ya tsira

Kyoto ta sha wuta. Yaƙin Onin, daga 1467 zuwa 1477, ya ƙone yawancin birnin, gobarar 1788 kuma ta cinye fada da gidajen manya, ciki har da na Reizei. Rumbun ajiyar littattafansu ya tsira, aka sake gina gidan a 1790. Da fada ta koma Tokyo, yawancin gidajen sarauta suka bi ta, iyalan Reizei kuwa suka zauna. Wannan zama ya kuɓutar da takardunsu daga girgizar ƙasa ta 1923 da ruwan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda suka ragargaza Tokyo.

Sai a 1980 aka buɗe wa masana rumbun, a shekarar da ta biyo baya kuma aka kafa gidauniyar da ke kula da shi. Har yanzu ana samun sabon abu a ciki. A watan Afrilun 2024 gidauniyar ta sanar da gano sharhin Kokinshu da Teika ya rubuta da hannunsa, a cikin wani akwati da ya yi kimanin shekara 130 ba a buɗe ba.

Daga fada zuwa kasuwa

Sannu a hankali waƙa ta fita daga hannun fadawa. Aka sami renga, inda jama'a kan zauna wannan ya kawo ɗango uku na farko, wancan ya ɗora biyu, har a kai baiti 100. Buɗewar irin wannan waƙa, mai gaɓa 17, ita ce ta tsaya da ƙafarta ta zama haiku.

Matsuo Basho, jigon wannan fanni, ya sauka a 1691 a bukkar ɗalibinsa Mukai Kyorai da ke unguwar Saga, ba nisa da dutsen Ogura. Yosa Buson, sha'iri kuma mai zane, ya yi rabin rayuwarsa ta ƙarshe a Kyoto, ya sake gina wata bukka don tunawa da Basho a wurin ibada na Konpukuji, a can kuma aka binne shi. Almajiran waɗannan malamai sun haɗa da 'yan kasuwa da likitoci da manoma masu hali.

Yadda ake raya ta a yau

Babbar hanyar da yaran Japan ke haddace tsofaffin waƙoƙi ita ce karuta, wasan kati da aka gina kan waƙoƙi 100 na Teika. Mai karatu zai fara rera waƙa, 'yan wasa kuma su yi rige-rigen taɓa katin da ke ɗauke da ƙarshenta. Ƙwararru kan gane waƙa daga gaɓa ɗaya ko biyu. A ranar 3 ga Janairu ake buɗe wasan shekara a wurin ibada na Yasaka da ke Kyoto, cikin tufafin zamanin da, gasar zakarun ƙasa kuma a cikin watan ake yin ta a Omi Jingu da ke Otsu, maƙwabciyar Kyoto.

A lambun Jonangu, kudancin birnin, sha'irai kan zauna a bakin wani ɗan rafi a ranar 29 ga Afrilu, kowa ya kammala waƙarsa kafin ƙoƙon da aka sako a ruwa ya iso gabansa. Gidan Reizei ma, wanda ke arewa da tsohuwar fada, yana ci gaba da koyar da ɗalibai tsara waƙa da rera ta bisa ƙa'idojin da ya gada, shekara kusan 800 bayan rasuwar Teika.