Fitilun Alama a Jikin Injin Ƙanƙara: Ma'anar Zaman Jira

1.0 Gabatarwa

A unguwannin Zango na birnin Akra, kamar Nima da Mamobi da Kanda, ƙanƙara hanyar abinci ce ga masu sayar da ruwan sanyi da zoɓo da masu gidajen abinci, musamman a watan azumi. Wasu daga cikinsu suna amfani da injin da ke haɗa ƙanƙara, ya tara ta a rumbunsa, ya zubo idan an danna. Wannan takarda za ta yi bayanin ƙananan fitilun da ke goshin injin, tare da mai da hankali kan halin da ake kira zaman jira.

2.0 Halaye Uku na Inji

Hausa ta saba da kalmomi biyu, wato kunnawa da kashewa. Amma inji yana da hali na uku: wuta na shiga, kwamfuresa kuwa tana tsaye. Wannan shi ne zaman jira. Alamarsa a jikin maɓalli ita ce da'ira mai giɓi a sama, da ɗan layi a tsaye cikin giɓin. Launin fitila ya danganta da kamfani, don haka littafin injin ne ke raba gardama. Sai dai sau da yawa kore na nufin aiki, ruwan ɗorawa jira, ja kuma matsala.

3.0 Dalilan Shiga Zaman Jira

Na farko, cikar rumbu. Idan ƙanƙara ta kai bakin rumbu, na'urar da ke lura da ita takan tsayar da aiki har sai an ɗiba.

Na biyu, yankewar ruwa. Idan famfo ya ɗauke, injuna da yawa sukan tsaya su kunna fitilar gargaɗi.

Na uku, dawowar wuta. Mutanen Gana na kiran yawan ɗaukewar wuta dumsor, daga kalmomin Twi masu nufin "kashe" da "kunna", abin da ya tsananta a shekarar 2015. Idan kwamfuresa ta tsaya kwatsam, iskar gas takan taru da ƙarfi a gefe guda. In ta tashi nan take, motarta za ta ja wuta fiye da kima, ta yi zafi, tana iya ƙonewa. Saboda haka injin yakan dakata na 'yan mintoci, galibi uku zuwa biyar, a wasu injunan fitila na ƙyaftawa.

4.0 Kurakurai Biyu

Wani yakan ji shiru ya ɗauka inji ya lalace, ya yi ta zare soket yana mayarwa. Hakan na sa lissafin jiran ya koma farko, ƙanƙarar rumbu kuma tana narkewa. Wani kuma yakan ɗauka inji a kashe yake, ya buɗe shi ko ya wanke da ruwa, alhali wuta mai ƙarfin bolt 230 na ciki, kuma injin na iya tashi da kansa.

5.0 Kammalawa

Shirun inji ba mutuwarsa ba ne, kuma ba izinin taɓa cikinsa ba ne. Mai sana'a ya duba rumbu da famfo, ya jira minti biyar kafin ya kira makanike. In gyara ko wanki za a yi, a fara zare soket.