Akurki ko Ɗakin Raga: Wanne Ya Dace da Talotalo?

A gidaje da yawa idan an sayo talotalo ba a tsayawa tunanin makwancinsa. Akurkin kaji na nan a lungu, sai a tura shi ciki, wai ai shi ma babbar kaza ne. Ina ganin wannan zato ya fi shaho da muzuru yi wa masu kiwo ɓarna.

Ba raina akurki nake yi ba. Da laka ake gina shi, ko sisi ba ya ci, yana riƙe ɗumi a daren hunturu, kuma in an toshe bakinsa ba abin da zai shiga. Amma a kan girman kaza aka auna shi. Talotalo tsuntsun dajin nahiyar Amurka ne, mutanen Meziko na dā suka mayar da shi na gida, kuma har yau bai bar halinsa na neman tudu in magariba ta yi ba. Wanda ya taɓa ganinsa yana haye katanga da yamma ya san haka. A akurki kuwa ko wuyansa ba zai miƙe ba, zafin bazara ya taru a kansa, warin kashi ya riƙa cin idonsa da ƙirjinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne zama tare da kaji. Akwai wata cuta da Turawa ke kira baƙin kai, wadda ƙwayarta ke ɓuya a cikin ƙwan tsutsar hanjin kaza. Kaza na iya ɗauke da ita tana kiwonta lafiya ƙalau, amma in ta kama talotalo sai ta lalata masa hanta, ya saki fukafukai, kashinsa ya koma ruwan ɗorawa. Ƙwan tsutsar na iya yin shekaru a ƙasa, don haka ko an kwashe kajin, tsohon akurki bai zama wurin aminci ba.

Ɗakin raga kuma gini ne da bangonsa bai wuce ƙugu ba, sama duk waya ce har rufi. Ana shimfiɗa tsawonsa daga gabas zuwa yamma don kada rana ta riƙa shiga ta gefe. Rufin ciyawa ya fi na kwano sanyi. A ɗaga daɓe sama da tsakar gida saboda ruwan damina, a zuba ɓuntun shinkafa, a gitta itace mai kauri inda talotalon za su hau su kwana, a ajiye toka a kusurwa don wankan ƙura. Shimfiɗa na jiƙa a kwashe ta, taki ne mai kyau.

Ɗakin raga yana da tsada, babu ja. Waya da katako ba su da arha, ga shi iskar da ke raya manya ita ce ke kashe ƙanana. Ɗan tsakon talotalo yana ƙyanƙyashewa bayan kwana 28, kaza kuwa 21, kuma ya fi ɗan kaza rauni nesa ba kusa ba. A makon farko yana bukatar ɗumin da ya kai digiri 35, a riƙa ragewa kaɗan kaɗan kowane mako, kuma yayyafi ɗaya ya isa ya gama da shi. A nan akurki ya fi, in dai sabo ne wanda kaza ba ta taɓa kwana ciki ba. Ni zan reni 'yan tsaki a irin wannan har mako shida, sannan in mayar da su ɗakin raga, in lulluɓe gefen da iskar hunturu ke bugawa da buhuna da dare, in yaye su da hantsi.