Karatun Tsohuwar Sassaƙa: Daga Ina Ta Fito, Wa Aka Yi Wa?

A da can, idan baƙo ya sauka a gari, kafin ya buɗe baki dattawa sun riga sun san daga inda ya fito. Su dubi tsagar fuskarsa su ce wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare. Wanzamin da ya yi masa aska yana jinjiri ya rubuta masa asalinsa a kumatu. Masu nazarin tsofaffin kayan sassaƙa irin wannan karatun suke yi wa itace da hauren giwa. Abin ba ya magana, masassaƙin ya daɗe a ƙasa, galibi ma bai sa sunansa ba. Sai dai jikin abin cike yake da shaidu, kuma cikin duk shaidun nan wanda ya fi rauni shi ne bakin mai sayarwa.

Shaida na farko shi ne itacen kansa. A ɗaga a ji nauyinsa. Mutane da yawa sun ɗauka cewa baƙin itace mai nauyi da sheƙi shi ne alamar tsohon aikin gargajiya, alhali yawanci akasin haka ne. Masassaƙan Afirka ta Yamma sun fi son ɗanyen itace mai sauƙin sara, domin da gizago da wuƙa suke aiki, kuma fuskar dodo da za a ɗaura a yi rawa da ita tilas ta zama marar nauyi. Baƙin itacen nan da ke cika shagunan filin jirgi ya fi yawa a aikin Makonde na Tanzaniya da Mozambik, kuma salon aljanun da suka yi suna da shi, wanda ake kira shetani, a Darussalam ya tashi a shekarun 1950, don masu saye daga waje. Haka 'yan giwaye da raƙuman dawa na Kamba a Kenya: sana'ar ta soma ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a hannun wani mai suna Mutisya Munge a garin Wamunyu. Abin da ya shekara sittin ko saba'in a cikinsu ya cancanci a kira shi tsoho, amma bai taɓa kwana a ɗakin tsafin kowa ba.

Daga itace sai sawun makami. Gizago yana barin ƙananan fuskoki a jere kamar ɓawon kifi, wanda yatsa ke ji ko da ido bai gani ba, musamman a bayan abin ko cikinsa, inda masassaƙi bai damu da gyarawa ba. Zarton inji yana barin layi miƙaƙƙe, ramin da aka huda da injin huji kuwa faɗinsa ɗaya daga baki har ƙarshe. Wanda ya ga waɗannan ya san zamanin da yake ciki.

Sannan a zo ga siffa, inda karatun ya fi daɗi. Mu ɗauki 'yan mutum-mutumin tagwaye na Yarabawa, waɗanda suke kira ere ibeji. Ƙasar Yarabawa tana cikin wuraren da aka fi haihuwar tagwaye a duniya, kuma a al'adarsu ta dā idan ɗaya ya rasu akan sa a sassaƙa ɗan mutum-mutumi a madadinsa, uwa ta riƙa kula da shi. Tsawonsa bai cika wuce tafin hannu da rabi ba, wajen santimita 25 zuwa 30. Kan yakan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na tsawon jikin, don a wurinsu kai ne mazaunin rabon mutum. Idanu manya ne, sun ɓullo waje, kuma ko da jinjiri ne ya rasu, da siffar baligi ake sassaƙa shi. Waɗannan sun isa a ce aikin Yarabawa ne. Amma ƙasar Yarabawa faɗi gare ta, kuma mai ido ba ya tsayawa a nan. Zai dubi tsagar kumatu, wadda ke nuna gida da gari kamar yadda take a tsakaninmu. Zai dubi kitso: dogon tukku ne ko zanko. Zai dubi hannuwa. Na gidan Adugbologe a Abekuta an san su da manyan hannuwa, babban yatsa da manuni sun haɗu sun yi zobe. Wani lokaci kuma zai ga an sassaƙa wata 'yar aba mai kusurwa uku rataye a ƙirji ko a baya. Laya ce, suna kiranta tira, kuma tana nuna yankin da Musulunci ya riga ya shiga cikin rayuwar mutane ko da ba su bar tsohuwar al'ada ba.

Abin da ya fi wuyar ƙirƙira shi ne tsufan da hannu ya kawo. Uwar tagwaye takan wanke fuskar ɗan mutum-mutumin, ta shafa masa abinci a baki, ta goga masa jan majigi a jiki, ta sa shuni a kitso. Bayan shekara talatin ko arba'in na wannan hidima, hanci ya lafe, leɓe ya kusa ɓacewa, amma kunne da bayan kai suna nan da kaifinsu, majigin kuma ya taru ya yi kauri a hammata da tsakanin ƙafafu inda tsumma ba ya kaiwa. Gogewa tana bin inda amfani ya bi. Haka fuskar dodo: a juya ta a dubi ciki. Inda goshi da kumatun mai rawa suka riƙa taɓawa ya yi duhu da santsi saboda gumi, ramukan igiya kuma sun cinye ta gefen da igiyar ke ja. Idan duhun ya bi ko'ina daidai wa daida, har wuraren da fata ba za ta taɓa kaiwa ba, to buroshi ne ya sa shi.

A nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Fataken da suka daɗe suna ɗaukar kayan sassaƙa daga ƙauyuka zuwa biranen gaɓar teku, daga can zuwa Faris da Niyok, da yawansu Hausawa ne, kuma hanyoyin fataucin goro suka gada. Wani Ba'amurke mai nazarin al'adu, Christopher Steiner, ya zauna da su a kasuwannin Abijan ya fitar da littafi a kansu a 1994, kuma akwai fim na gaskiya da aka yi a farkon shekarun 1990 a kan wani bafatake Bahaushe ɗan Nijar, Gabai Baare, da aka bi shi daga Kwaddibuwa har Amurka. Fataken nan Musulmi ne, ba ruwansu da abin da gunki ke nufi ga masu shi. A wurinsu haja ce, itace ne kawai. Amma sun karanci zuciyar mai saye sarai. Bature yana son abin da ya tsufa, wanda aka yi amfani da shi, wanda ba don shi aka yi ba. To, mai nema yana tare da samu. Sabon aiki sai a rataye shi a madafa hayaƙi ya dafa shi, a tofa masa tauna ta goro, a shafa man takalmi, a binne kusa da suri gara ta ɗan taɓa gindinsa. Fumban ta Kamaru ta yi suna wajen sassaƙa salon kowace al'umma, daga Dogon na Mali har Fang na Gabon. Shi ya sa ƙamshin hayaƙi mai ƙarfi a jikin abin da aka ce ya shekara ɗari ya kamata ya sa mutum tsayawa: wari ba ya jure shekara ɗari. Kuma gara ta gaske ba ta zaɓe. Idan ta ci gindi ta ci baya ta bar fuska tas, akwai wanda ya tsare mata fuskar.

Na sha jin ana kiran duk irin wannan jabu, kuma ina ganin kalmar ta yi faɗi. Masassaƙin da ya yi aiki mai kyau don sayarwa bai yi wa kowa ƙarya ba. Ƙaryar tana shigowa ne a lokacin da aka laƙaba wa abin shekarun da bai yi ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce: wa aka yi wa? Kuma yi don baƙo ba sabon abu ba ne. A ɗakunan ajiyar sarakunan Turai an daɗe da wasu gidajen gishiri da cokula da ƙahoni na hauren giwa, aiki mai laushi ƙwarai, wasu ɗauke da tambarin gidan sarautar Fotugal da siffar farauta irin ta Turawa. Shekaru aru-aru ana rubuta su a matsayin aikin Indiya ko na Turkiyya, domin ba a zaci baƙar fata zai iya ba. William Fagg na gidan tarihin Birtaniya ya tattara su a wani littafi a 1959 ya nuna cewa aikin Afirka ta Yamma ne da aka yi wa 'yan kasuwar Fotugal tun ƙarshen ƙarni na 15 zuwa cikin na 16. Fuskokin mutanen da ke jiki ne suka tona asiri. Wasu suna da babban kai, manyan idanu da buɗaɗɗen hanci irin na 'yan gumakan dutse da manoma ke tonowa a Saliyo, waɗanda ake kira nomoli. Aka gane aikin mutanen Sapi ne. Wasu kuma tsarin adonsu na fadar Binin ne. Mai oda ya ba da zane, amma hannu ya bi abin da ya saba.

Sunan ƙabila ma yakan ɓatar da mutum. Tsofaffin takardun gidajen tarihi sukan rubuta "Yarabawa" ko "Baule" su yi shiru, kamar dukan al'umma ce ta taru ta riƙe gizago. Alhali masassaƙa suna da sunaye, ana yi musu kirari a garuruwansu. Olowe na Ise, wanda ya rasu a 1938, sarakunan ƙasar Ekiti ne ke aika masa ya zo ya yi musu ƙofofi da ginshiƙan fada. Ana gane hannunsa daga nesa: mutanensa dogaye ne, masu dogon wuya, kuma a jikin ƙofa suna fitowa sosai daga allon har kamar za su faɗo, wasu kawunan ma sun rabu da itacen baya. Ƙofar da ya yi wa fadar Ikere, wadda ke nuna wani jami'in mulkin mallaka, Kyaftin Ambrose, ana ɗauke da shi a ragaya zuwa wurin sarki, an kai ta baje kolin Wembley a Landan a 1924, daga nan ta zauna a gidan tarihin Birtaniya, aka aika wa sarkin kujerar sarauta a madadinta. An daɗe ana kallonta a Landan kafin a haɗa ta da sunan mai ita. A ɗaya gefen kuma, dogayen mutum-mutumin Mumuye na ƙasar Taraba, masu hannuwa da ke lanƙwasowa su kewaye jiki kamar kirtani, ba a san su sosai a waje ba sai ƙarshen shekarun 1960, lokacin da aka yi ta fitar da su ta Kamaru. 'Yan kaɗan da suka riga fita an jingina wasunsu ga maƙwabtansu Chamba.

Inda Musulunci ya kafu, masassaƙi ya karkata ga zane maimakon siffar mai rai, kuma nan ma akwai karatu. Kujerar Nufawa mai ƙafafu takwas ko goma, da aka fafe daga kututture guda, samanta cike da zanen layuka da kusurwoyi, ba ta kama da kujerar kowa. Turakun tantin Buzaye, akushi, ludayin itace, zanen ƙwaryar Fulanin Adamawa da ake ƙonawa da wuƙa mai zafi, duk kowanne da hannun yankinsa. 

Hauren giwa yana da nasa gwajin. A dubi inda aka yanke shi a gicciye, a gindin abin: za a ga siraran layuka suna gittawa juna kamar saƙar raga. Ƙashi ba shi da su, sai ɗigo-ɗigon baƙaƙen ramuka inda jijiyoyin jini suka bi. Roba kuma ba ta da ko ɗaya, ba ta da sanyi a hannu, wani lokaci ma ana ganin layin da bakin zubi ya bari. Tun 1989 aka amince da hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, saboda haka wanda ya gaji irin wannan abu ya sani cewa tsallaka iyaka da shi magana ce ta doka.

Ɗakin gwaji yana taimakawa, amma shi ma da iyakarsa. Awon kabon 14 yana faɗin lokacin da itacen ya daina rayuwa ne, ba ranar da aka sassaƙa shi ba. Mai wayo sai ya nemi tsohuwar azara ko ginshiƙin kango ya yi sabon aiki da shi. Shi ya sa takarda ke da daraja: tsohon rasit, lambar da aka rubuta da tawada a gindi, hoton da ya nuna abin a wani gida a shekara kaza. A Nijeriya, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi ba tare da izininta ba, kuma ma'aikatanta ne ke duba abu su ce tsoho ne ko sabo. Gidajen tarihi na Jos, Legas, Kaduna da Gidan Makama a Kano nan ne ido ke samun horo, domin mai son gane hannun masassaƙi sai ya tsaya gaban na ainihi sau da yawa, ya zagaya ta baya, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi idan mai gadi ya bari.